Rasuwar farat ɗaya: tambayoyin da ke tasowa bayan an naɗe tabarmin makoki

A Maradi da garuruwan da ke kewaye da ita, daga Tibiri har Madarunfa, da wuya ka sami gidan da ciwon kwana ɗaya ko biyu bai taɓa ɗauke wa mutum ba. Sanƙarau da bazara, zazzaɓin cizon sauro da damina, amai da gudawa in ruwa ya gurɓata, hawan jini da ke kayar da magidanci yana tsakiyar ciniki, jijjiga ko zubar jini wajen haihuwa. Tambayoyin nan su ne waɗanda ake yi ƙasa-ƙasa bayan masu gaisuwa sun watse.

Me ya sa wannan rashin ya fi na doguwar jinya zafi?

Doguwar jinya, duk da wahalarta, tana ba mutane lokaci. Ana zuwa dubiya, ana yafe wa juna, mara lafiya yana faɗin masu binsa bashi da waɗanda yake bi, zuciya kuma tana sabawa kaɗan-kaɗan da abin da ke tafe. Ciwon farat ɗaya ba ya barin ko ɗaya. Mutum ya yi Magariba cikin jam'i, ya ce kansa na sarawa, kafin Azahar ɗin gobe an dawo daga maƙabarta. Takalmansa na nan bakin ƙofa, furar da aka dama masa tana rufe da faifai, wayarsa na ta ƙara cikin aljihun rigar da ke rataye, masu kira ba su ji labari ba tukuna.

Shi ya sa makonnin farko ke zuwa da abubuwan da ke tsorata mai rashi. Barci ya ƙaurace, abinci ya fita kai, ka ji kamar sallamarsa a zaure, ka ɗauki waya za ka kira shi sannan ka tuna. Wannan ba taɓin hankali ba ne, ba kuma raunin imani ba ne. Ga mafi yawan mutane yana lafawa da kansa.

Kuka yana ɓata haƙuri?

A'a. Annabi (SAW) ya yi hawaye lokacin da ɗansa Ibrahim yake cikawa, ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yaga tufafi da maganar da ke nuna fushi da hukuncin Allah. Masu ce wa uwar da aka binne ɗanta da safe "yi shiru, kina ƙara masa azaba" su sassauta, hawayen da ya zubo da kansa ba shi malamai suke nufi ba.

Maza ma sun fi shiga matsi a nan. Uba zai kwana uku a ƙofar gida, ana "ya haƙuri", yana "da godiya", babu mai tambayarsa ko ya runtsa. Aboki na ƙwarai shi ne mai dawowa bayan Isha'i, lokacin da ba kowa, ya zauna da shi ko da ba za su ce uffan ba.

Da mun kai shi asibiti tun daren, da yana nan?

Babu mai iya ba ki wannan amsa, baiwar Allah, ko likitan da ya duba shi. Sanƙarau na iya kashe mutum cikin awa 24 da fara zazzaɓi, kuma ko an fara allura da wuri akwai waɗanda ba sa tashi. Zazzaɓin cizon sauro in ya hau kan ƙaramin yaro haka yake da gaggawa. A daren nan kin yi aiki ne da abin da kika sani a daren: zazzaɓi ne irin wanda ya saba zuwa ya sauka, maigida ba ya gari, babu kuɗin kabu-kabu a hannu, ko gulbi ya kawo ruwa hanya ta yanke. Abin da kika sani yau, rasuwarsa ce ta sanar da ke. Annabi (SAW) ya hana mu cewa "da na yi kaza, da kaza ya faru", ya ce mu ce Allah ya ƙaddara, abin da ya so shi ya aikata, domin "da" tana buɗe wa Shaiɗan hanya. Dangin miji masu jefa wa uwa magana a kan ɗan da ta fi kowa jin zafin rashinsa, su ji tsoron Allah.

Sai dai akwai inda nake rabuwa da masu rufe zance da "kwana ne ya ƙare", su kaɗe riga su tashi. Kwana ya ƙare ga wanda ya tafi, babu ja. Ga ƙanensa da ke kwana ɗaki ɗaya da shi, yana shan ruwan randa ɗaya, zancen bai ƙare ba. Lokacin da annoba ta auka wa Sham, Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa bai shiga ba. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya ce e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Gidan da ya yi rashi irin wannan yana da wani ilimi da ya saya da tsada, kuma bai kamata a binne shi tare da mamacin ba.

To, sai mu riƙa faɗa wa mutane ciwon da ya kashe shi?

A sanarwar rediyo da ta WhatsApp "bayan gajeriyar rashin lafiya" ake cewa, kuma babu laifi, ba dole duniya ta ji sirrin gida ba. Amma a cikin gida da maƙwabta, in ciwon mai yaɗuwa ne ko mai bin jini, ɓoye shi cutarwa ce.

Sanƙarau yana bin numfashi da tari tsakanin masu zama da kwana wuri ɗaya. Ma'aikatan lafiya suna ƙidaya masu kamuwa mako-mako, kuma da wannan ƙidaya ake yanke shawarar kawo rigakafi. A 2017, a gundumar Madarunfa, an gwada ba mutanen ƙauye gaba ɗaya ƙwayar magani sau ɗaya da zarar an sami mai sanƙarau a cikinsu, aka ga kamuwa ta ragu da kimanin kashi 60 cikin 100 a kan ƙauyukan da ba a yi haka ba. Ba a kai ga ƙauye sai wani gida a cikinsa ya kai mara lafiyarsa an rubuta abin da ke damunsa. Wannan kuwa aikin ma'aikatan lafiya ne, kada wani ya ji haka ya nufi mai tallan magani a kasuwa.

Kwalara ma haka. A daminar 2018 ta ɓarke daga Madarunfa, ta kama mutum fiye da 3,000, mafi yawansu a jihar Maradi, ta sake dawowa a 2021. Duk gidan da ya yi shiru ya bar maƙwabta suna ɗibar ruwa daga rijiyar da ta kwantar da nasa. Hawan jini da ciwon suga da sikila kuwa ƴaƴa ne ke da haƙƙin sani. Wanda mahaifinsa ya yanke jiki ya faɗi yana ɗan shekara 50, ya je a auna jininsa tun kansa bai fara ciwo ba, don hawan jini ba ya sallama.

Waɗanne alamu ne ba a kwana da su a gida?

Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya, musamman daga hunturu zuwa faɗuwar ruwan farko. Ga jariri, maɗiga ta kumbura, ya ƙi nono, ya yi laushi. Yaro mai zazzaɓi da ya fara jijjiga, ko yana amayar da duk abin da aka ba shi, ko ba a iya tashinsa daga barci, ko tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari fat. Gudawa mai kama da ruwan wankin shinkafa: wannan tun a hanya ake fara ba da ruwan gishiri da suga, in babu na leda a haɗa lita 1 na ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali 6 na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta mutu, magana ta sarƙe. Mai ciki da ke ciwon kai, tana gani dishi-dishi, fuskarta ta kumbura, ko jini ya ɓalle mata.

Tofi da addu'a ba su hana tafiya, a yi su a kan hanya. Tun 2006 aka sa kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 ya zama kyauta a asibitocin gwamnatin Nijar. Gaskiya ne wani lokaci magani na yankewa sai an saya, amma a fara isa wurin tukuna. Matar gida kuma a ba ta izini tun yau cewa in irin wannan ta taso maigida ba ya nan, ta ɗauki yaro ta tafi, ba sai ta jira waya ta shiga ba.

Ana ta cewa ba mutuwar Allah da Annabi ba ce, jifa ne ko maita. Mu yarda?

Kada ku yarda. Zuciyar da aka yi wa fashin ba-zata tana neman wanda za ta ɗora wa, kuma ku duba a kan wa zargin ke sauka kullum: tsohuwar da ba ta da gata, kishiya, abokin kasuwa da aka taɓa saɓawa da shi. Sanƙarau da zazzaɓi mai hawa kai suna sa sambatu, mara lafiya ya riƙa kiran sunayen mutane, sai a ce ya kama sunan mayya. Wanda ciwo ya taɓa wa ƙwaƙwalwa sunan wa zai kira in ba na waɗanda ya saba gani ba?

Annabi (SAW) ya gargaɗe mu da zato, ya ce shi ne mafi ƙaryar zance. Mamacin ba ya ƙaruwa da komai in an tozarta baiwar Allah a bainar jama'a, zumunci ya tsinke, kuɗin marayu ya tafi gidan boka. Ainihin abin da ya kashe shi kuma yana nan cikin gidan babu mai waiwayarsa.

Bai samu yin kalmar shahada ba, a sume ya cika. Wannan mugun ƙarshe ne?

Ba haka ba ne. Wanda hankalinsa ya gushe ba a kama shi da abin da bai faɗa ba, kuma ana kyautata wa Musulmi zato da abin da ya rayu a kai. Akwai ma bushara: hadisi ingantacce ya lissafa wanda annoba ta kashe da wanda ciwon ciki ya kashe cikin shahidai, tare da wanda ya nutse da wanda gini ya faɗa wa, ruwayar Imamu Malik kuma ta ƙara da macen da ta rasu a kan haihuwa. Shahadar lada ce, don haka ana yi musu wanka da salla kamar kowa.

A lokacin kwalara an hana mu wanke gawar da hannunmu. Mun tauye masa haƙƙi?

Ba ku tauye ba. Gawar mai kwalara tana ɗauke da ƙwayar cutar, masu wanka da masu dafa abincin makoki su ne kan gaba wajen kamuwa. Shi ya sa ma'aikata ke shirya ta da ruwan magani, ake kuma hana taron ci da sha. An yi masa sutura, an yi masa salla, an rufe shi, kun kuma tsare rayukan masu rai. Shari'a ba ta ɗora wa mutum abin da zai halaka shi.

Bai bar wasiyya ba. Me za mu yi da zai kai gare shi?

An taɓa kawo wa Annabi (SAW) irin wannan tambaya. Wani mutum ya ce mahaifiyarsa ta rasu farat ɗaya, yana jin da ta samu yin magana da ta yi sadaka, shin tana da lada in ya yi a madadinta? Ya ce e.

Amma kafin sadaka, bashi. Wanda ya tafi ba shiri ya bar lissafi a buɗe: kayan da ya karɓa a kasuwa, adashin da ya ɗauka bai gama zubi ba, jingina, amanar da aka ba shi ajiya. A yi cigiya a wurin jana'iza, a duba littafinsa da saƙonnin wayarsa, a tambayi abokan cinikinsa har na Jibiya da Katsina in yana ƙetare iyaka. Daga dukiyarsa ana fara fitar da kuɗin sutura, sai bashi, sai wasiyya in akwai, wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku, sannan gado.

Bayan haka addu'a, wadda ba ta cin ko dala, da sadaka mai gudana. A nan ina da ra'ayi: a duba abin da ya ɗauke shi, a sa sadakar a wurin. Wanda kwalara ta kashe, a gyara rijiya ko famfon unguwa da niyyarsa. Yaron da zazzaɓi ya ɗauke, a raba gidan sauro, a tabbata ƙannensa suna shan maganin rigakafin zazzaɓi da ake rabawa wata-wata da damina. Wadda jini ya ƙare wa wajen haihuwa, mazan gidan su je su ba da jini. Sada zumunci da abokan mamaci ma yana ciki: Annabi (SAW) in ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayen Nana Khadija bayan rasuwarta.

Sadakar uku da bakwai da arba'in fa? Gidanmu ya rabu biyu a kai.

Wannan saɓani tsoho ne a Maradi. Malaman Izala suna ganin ware waɗannan ranaku bidi'a ce, malaman zaure da na ɗariƙa da yawa suna ganin taron addu'a ne da sadaka. Shafi ɗaya ba zai raba wannan gardama ba, kowa ya bi malamin da ya natsu da iliminsa. Akwai dai abin da duka ɓangarorin ba sa musu a kai: ba a cin bashi don a ciyar da masu gaisuwa, ba a taɓa dukiyar marayu don a sayi shinkafa da goro. Sunna ma ita ce maƙwabta su dafa su kai gidan rashi, kamar yadda Annabi (SAW) ya yi umarni a yi wa iyalan Ja'afar. Ƴan'uwan da suka daina gaisawa saboda gumbar arba'in sun yi wa mahaifinsu abin da ba zai so ba.

Ina ci-rani aka kira ni, kafin in iso an rufe shi. Me ya rage mini?

Gaggauta jana'iza sunna ce, ba don an raina ka aka ƙi jiranka ba, ɗan'uwa. Wanda ke Libiya ko Aljeriya ko Legas ya yi addu'a daga inda yake, tana isa. Sallar gawa daga nesa malaman Malikiyya ba su tafi a kanta ba, wasu mazhabobi sun halatta. In ka dawo, ka sa a nuna maka kabarin, ka yi sallama ka yi addu'a, ka kuma zauna da wanda aka yi abin a gabansa ya ba ka labari daga farko har ƙarshe. Masu rashin da ba su ga gawa ba sukan daɗe zuciyarsu ba ta gaskata ba, jin labarin dalla-dalla yana taimakawa.

Me za mu ce wa yara?

Gaskiya, daidai hankalinsu. In aka ce "Baba ya yi tafiya", yaro zai riƙa fita ƙofar gida duk lokacin da ya ji ƙarar babur, ranar da ya gane kuma ya daina yarda da manya. A ce masa Baba ya yi ciwo mai tsanani, Allah ya karɓi ransa, ba zai dawo ba, muna yi masa addu'a. A ƙara masa da cewa ba laifinsa ba ne, don yara kan ɗauka rashin jinsu ne ya jawo. Fitsarin kwance ko manne wa uwa na iya dawowa na ɗan lokaci, kada a doke shi.

Kada kuma sunan mamaci ya zama abin da ba a ambata a gida. A ba su labarinsa, yadda yake dariya, abincin da yake so, wanda ya taimaka wa. Al'adarmu ta mayar da suna, a sami Abba ko Ummi ko Mai-sunan-Malam a gida, tana da kyau, in dai ba a ɗora wa jaririn nauyin zama wanda ya tafi ba.

Yaya takaba take, me aka hana mai takaba?

Wata 4 da kwana 10, mai ciki kuwa har ta haihu. Tana zama a gidan mijinta, ta bar ado da turare da kwalli da lalle, ba a ɗaura mata aure. Tana wanka, tana wanke kai, tana magana da mutane, tana fita da rana in da buƙata, kamar asibiti ko neman abin da za ta ciyar da ƴaƴa. Abin da wasu gidaje ke ƙarawa, irin hana ta wanka sai ranar Juma'a, al'ada ce kawai. Matar da mijinta ya fita da ƙafarsa aka dawo da shi a makara ta fi buƙatar mai kawo mata hatsi da mai ɗebe mata kewa fiye da mai ƙirga mata dokoki.

Laifi ne mu sa hotonsa a Facebook ko mu ajiye saƙon muryarsa?

Malamai sun saɓa a kan hoto. Abin da bai kamata a yi saɓani a kai ba shi ne hoton mutum a gadon asibiti ko a cikin likkafani: wannan tona asiri ne, da yana da baki da bai yarda ba. Kada kuma a sa sanarwa kafin a kira makusanta, ana samun ɗiyar da ke aure a wani gari ta ga rasuwar mahaifiyarta a waya. Saƙon murya kuwa ku ajiye, ku kwafe shi wani wuri kafin wayar ta lalace. Marayan da ke goye yau zai so jin muryar nan wata rana.

Takardar mutuwa dole ce?

Ku yi ta da wuri a ofishin magajin gari ko wurin da ake rubuta haihuwa da mutuwa a ƙauyenku. Za a neme ta wajen gado, fansho, kuɗin banki da takardun fili. Akwai wa'adi, in ya wuce sai an bi ta kotu.

Shekara ta zagayo, har yanzu kamar jiya. Lafiyata ƙalau kuwa?

Kewa ba ta da wa'adi. Azumi, Salla, ko iskar bazarar da aka yi rashin a cikinta suna tayar da ita, kuma wannan ba ciwo ba ne. Addu'ar da Annabi (SAW) ya koyar, wadda Ummu Salama ta riƙe da mijinta ya rasu, a roƙi Allah lada a kan musiba da mayar da mafi alheri, ba ta kwana uku ba ce kawai, ana yin ta duk lokacin da abin ya motsa.

Abin lura shi ne in watanni sun wuce mutum ba ya iya fita gona ko kasuwa, ba ya ci, ba ya barci, ya daina kula da yara, ko ya koma shan ƙwaya don ya manta. Wannan ya wuce a ce masa "yi haƙuri", a raka shi asibiti, akwai ma'aikatan da ke duba irin wannan damuwa kuma tana jin magani. In kuwa ya fara cewa gara ya bi mamacin, ko yana tunanin cutar da kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi a ranar.